Matakalar da Sajan Ya Yi wa 'Ya'yan Maƙwaƙƙwafi

Duk unguwar, Sajan ake ce masa, har da matarsa idan tsokana ta motsa mata. Ya shiga aikin gandiroba gashin bakinsa bai gama fitowa ba, ya bar shi furfura ta cinye kansa. Shi dai ya yi ritaya, amma aikin bai yi ritaya daga jikinsa ba. In ya shiga ɗaki, kafin ya gaida mutanen ciki idonsa ya riga ya gaida tagogi. In ya rufe ƙofa sai ya ja ta, ya sake ja, ya ji ko ta kama. Jikoki kuwa in sun zo hutu, jera su yake a tsakar gida ya ƙirga da safe, ya sake ƙirgawa da yamma. Ranar da lissafi ya ƙi cika, aka juye gidan kaf, aka tarar da ƙaramarsu a ƙarƙashin gado tana sharar barci, har hutun ya ƙare yana yi mata kallon wadda ake zargi.

"Malam, gidan nan fa ba gidan yari ba ne," in ji matarsa.

Maman Yara ake kiranta. Tela ce, kekenta na baranda, daga nan take ganin komai, daga nan kuma take faɗin ra'ayinta a kan komai.

"Ai shi ya sa nake ƙara sa ido," in ji Sajan. "Can akwai katanga ta kirki."

In kana so ka ga fuskar Sajan ta washe, to ka tambaye shi katangar nan. Sai ya gyara zama, ya shafa iska da tafin hannu kamar katangar na gabansa. Ta waje, in ji shi, ba ruwan kowa da ita, ko bulo tsirara ne a bar shi. Ciki ake gogewa. A yi mata yaɓe, a shafe, a sake shafewa, har ta koma kamar farantin tangaran, ko ƙuda ya sauka a kai sai ya zame.

Abin da ba ya so a tambaye shi guda ɗaya ne: ko akwai wanda ya taɓa haura ta. Akwai. Mutum ɗaya tak, da rana tsaka, ana rabon abinci, kuma a lokacin aikin Sajan. Wani siririn matashi ne da ake ce wa Kadangare, wanda aka kawo saboda shiga shagunan mutane ta rufi. Washegari da safe ya dawo da ƙafarsa, ya ƙwanƙwasa babbar ƙofa, ya ce don Allah a buɗe masa, matarsa ce ta haihu, ya je ya ga jaririyar ya dawo. Shi aka ƙara masa wa'adi, Sajan kuma aninin ƙarin girma da ake shirin maƙala masa a kafaɗa ya bi iska. Da igiya uku ya tsaya, da igiya uku ya fita. An yi wa Kadangare tambayar duniyar nan a kan yadda ya hau, ya ce shi dai ya rufe ido, da ya buɗe sai ya gan shi a waje.

Sai kuma zama ya haɗa su unguwa ɗaya. Kadangare ya daɗe da shiryuwa, ya yi tumbi kaɗan, yana zaune a layin bayan kasuwa. Sana'arsa ɗora tankin ruwa da kafa tauraron talabijin a saman gidaje, wato yanzu biyansa ake yi ya hau gidan mutane. In suka haɗu a hanya sai ya ƙame ya sara, "Oga!" Sajan ya amsa da hanci, ya wuce.

To, akwai wata busasshiyar bishiya a bayan gidan Sajan da ta fara karkata kan katangar maƙwabta. Ya sa aka sare ta. Washegari da sassafe sai ga bugun ƙofa, ƙwaƙ-ƙwaƙ-ƙwaƙ-ƙwaƙ, da sauri kamar na mai uzuri.

"Wa ke nan?"

Shiru. Ya cire sakata, ya leƙa layi, ba kowa sai akuyar maƙwabta. Bai kai ga komawa ɗaki ba aka sake bugawa. A karo na uku ya fita da sandarsa. Maman Yara ce ta nuna masa sama da haɓa. Wani ɗan tsuntsu ne maƙale a jikin katakon bakin rufi, kansa da ja kamar ya sa hula, yana ta saran katakon da baki.

"Maƙwaƙƙwafi ne," ta ce, "mai sassaƙa ɗakinsa a cikin itace. Ka rushe masa gida, ya zo ɗaukaka ƙara."

Sajan ya tafa hannu. Tsuntsun ya dube shi, ya ci gaba. Ya rataya tsohon faifai mai ƙyalli, tsuntsun ya duba fuskarsa a ciki, ya ci gaba. Ya ɗauko usur ɗinsa na aiki, wanda a da in ya hura shi ƙartai ɗari ke durƙusawa, ya hura har jijiyar wuyansa ta tashi. Yaran layi ne kawai suka taru, a zatonsu ƙwallo za a fara.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aiki a wani gari, ita ta kawo mafita ta waya. Ta turo hoton wani akwati dogo mai rami ɗaya kusa da sama. Ta ce a cika shi da ɓawon katako irin na wurin kafinta, a rataye a bishiya, tsuntsun zai haƙe shi da kansa ya ɗauka shi ya gina.

"Wato a ba shi masauki," in ji Sajan. Idonsa ya kawo haske. Tun da ya bar aiki ba wanda ya ce ya tanadar wa kowa masauki.

Bai kira kafinta ba. Akwai ƙofar wani tsohon kabad a ɗakin ajiya, katako mai kauri, gefe ɗaya tsirara mai kaushi, ɗaya gefen an lulluɓe shi da wani farin abu mai tauri da sheƙi. Ya yanka, ya haɗa, ya huda ramin. Da ya zo kan wane gefe zai kalli ciki, ko tsayawa tunani bai yi ba. Hannunsa ne ya yanke hukunci: santsi ciki, kaushi waje. Ya ƙara wa akwatin zurfi a kan na hoton, domin a ganinsa mai hoton bai san tsaro ba. Sannan ya yi masa 'yar ƙofa a gefe, ya sa mata kwaɗo.

Maman Yara ta ɗaga ƙafa daga kan keke. "Kwaɗon kuma na mene ne?"

"Na tsaro."

"Tsuntsun ne zai sace kansa?"

"Ɗakin da ba kwaɗo ai rumfa ce."

"Allah ya ba da sa'a. Sai ka ɗinka masa rigar fursuna, ina da ragowar yadi."

Aka rataye akwati a jikin mangwaron tsakar gida. Abin mamaki, mai jar hula ya karɓa. Ya leƙa, ya shiga, ya fito, ya tafi ya zo da matarsa ta duba. Daga nan suka shiga aikin fitar da ɓawon katakon, baki-baki, suna watso shi daidai kan shanyar Maman Yara. Ta yi ta mita, Sajan na ta murna, ga katakon rufinsa ya samu lafiya. Bai lura cewa duk ɓawon da aka watso, ƙasan ɗakin ƙara nisa yake da ramin fita ba.

Bayan 'yan makonni akwatin ya fara ƙara kamar an rufe ƙananan injuna a ciki. Sajan ya koma bakin aiki sosai. Kullum da hantsi, in ya ga iyayen sun tafi kiwo, sai ya kafa tsani, ya ciro mabuɗi daga aljihu, ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, ya ja kwaɗon, ya sake ja.

"Lissafi?" Maman Yara za ta tambaya ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Uku. Duk lafiya."

"Da wa suka yi kama?"

"Kamar an fige kaza an manta ba a dafa ba."

"To da danginka ke nan."

Suka yi gashi, suka fara kama da tsuntsaye. Biyu manya, ɗaya ɗan ƙarami wanda kullum 'yan'uwansa ke zaune a kansa. Shi ne Sajan ya fi daɗewa yana kallo.

Sai wata safiya abin ya canja. Uwar ta zo da tsutsa a baki, amma maimakon ta shige kamar kullum, sai ta maƙale a bakin ramin tana kira. Ta leƙa, ta ja da baya, ta koma kan reshe, ta sake kira. Uban ma ya zo ya yi haka. Cikin akwatin kuwa kuka ya kaure, sannan wata ƙara ta biyo baya: ƙarrr, tim. Ƙarrr, tim.

Sajan na zaune da kofin shayinsa, ya karkata kunne, ya yi murmushi irin na wanda aikinsa ya yi kyau.

"Kin ji ko? Gwadawa suke yi. Ba inda za su."

Keken ɗinki ya tsaya cak.

"Malam, ka ji abin da bakinka ya faɗa kuwa?"

"Me na ce?"

"Matar nan yaye take yi. Dubi yadda take riƙe abincin a bakin ƙofa. So take su hau su karɓa, su saba da ganin waje. Ni da na yaye shida na san wannan tsayuwar. In ba su hau ba fa?"

"Sai ta shiga ta ba su."

"Yau ta shiga, gobe ta shiga. Jibi sai ta ɗauka ƙiwa ce, ta ƙara ja musu rai. Ita ta san ka gina mata gidan yari ne?"

Ya ce mata ita ba ta san tsuntsu ba. Ta ce shi ma da ya san shi ai usur ya hura masa. Ya shanye shayinsa, ya fita.

Amma ya ƙirga shigar iyayen a ranar, bai faɗa mata ba. Ba su shiga da yawa ba. Washegari suka ƙara ragewa, kukan cikin akwatin ma ya rage kaifi. Da hantsi ya kafa tsani ya buɗe. Manyan biyu suka wangame baki. Ƙaramin yana can a lungu, ido rabi a rufe, bai ko motsa ba. Sai idon Sajan ya sauka a kan farin bangon da ke ƙarƙashin ramin. Ga 'yan zane-zane nan sirara, sun tashi daga ƙasa, sun ɗan yi sama, sun dawo. Farce ya bi ta wurin bai samu abin kamawa ba. Ya san irin wannan zanen. Ya sha ganinsa a bango, ya sha sawa a shafe shi da farar ƙasa. Bai taɓa ganinsa daga wannan ɓangaren ba.

Ya sauko, bai jira an tambaye shi lissafi ba.

Ya fara da abin da ya zo masa. Ya ce zai ciro su ya ɗora a reshe. Maman Yara ta nuna masa kyanwar maƙwabta da ke kwance kan katanga tana lashe hannu kamar an gayyace ta cin abinci. Fukafukansu ba su yi ƙwari ba, ta ce, sai sun zauna a bakin ramin nan suna ci suna kallon duniya tukuna. Ya karɓi wani ƙyalle a wurinta ya zura ta ramin ya zama igiya. Kafin ya sauka daga tsani zare ya naɗe ƙafar ɗaya, da ƙyar ya warware shi. Ya ɗauko ƙusa zai kankare farin abin, ƙusar ta zame, tsuntsayen suka firgice suka dunƙule wuri ɗaya. Ya rufe, ya zo ya zauna a bakin baranda, ya zuba tagumi.

"Shekara da shekaru ina hana mutane hawa," ya ce. "Ashe ban san ta inda ake fara shi ba."

"Akwai wanda ya sani."

"Kada ki soma."

"Ni me na ce? Zare nake sawa a allura."

Daga cikin akwati aka ji ƙarrr, tim. Wannan karon sau ɗaya kawai. Sajan ya miƙe, ya sa takalmi.

A saman wani bene ya same shi, yana ɗaure tankin ruwa, ƙafa ɗaya a kan rufi, ɗaya a iska.

"Kai! Sauko!"

Kadangare ya leƙo, ya ƙame a inda yake, ya sara. "Oga! Da takardar kamu ko babu?"

"Sauko na ce."

"Oga, na gama wa'adina tun kafin a haƙa harsashin ginin nan!"

"Tambaya na zo yi maka."

"In waccan tambayar ce, amsar na nan yadda ka bar ta. Na rufe ido..."

Mutanen layin sun fara tsayawa. Mai shagon ƙasa ya fito da kujerarsa. Sajan ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya dubi ƙasa, ya dubi sama.

"Ina da mutum uku a tsare," ya ce. "So nake su fita."

Sai Kadangare ya sauko, ba ta tsani ba, ta bututun ruwan da ke jikin bango, sul, kamar ana zare shi.

A hanya Sajan ya yi masa bayani a gajarce, yana tafe a gaba kamar mai rakiyar fursuna zuwa kotu. Da suka shiga gida Kadangare ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Kai ne Kadangaren? Shekara nawa ina cin abinci da sunanka a gidan nan, yau dai na ga fuskar."

"Allah ya sa alheri ake faɗa, Mama."

"Ko kusa."

Kadangare bai kalli tsanin ba. Kafin Sajan ya gama ciro mabuɗi yana kan reshe, hannu a miƙe. Ya buɗe 'yar ƙofar, ya leƙa, ya zura hannu ya shafa bangon ciki a hankali. Sai ya yi wata 'yar fito.

"Oga, wannan aikinka ne. Ko a mafarki na shafa shi zan gane. Ka sa santsin a ciki."

"To a ina ake sa shi?"

"A waje mana, Oga! Maciji da kyanwa ta waje suke zuwa. Ka yi musu matakala, ka goge wa masu gida. Waɗannan me suka sata?"

Maman Yara ta sunkuyar da kai kan ɗinkinta, kafaɗunta na rawa.

Kadangare ya sauko ya zayyana yadda za a yi. Ba za a taɓa bangon ba, ba za a buga komai ba. A samo siririn katako tsirara, faɗinsa daidai bangon gaba, tsawonsa daga ƙasa har leɓen ramin. A yi masa tsagi a kwance da zarto, a shigar ta ƙofar gefe, a ɗaure da ƙusa mai murɗawa daga waje, gajera, don kada tsininta ya leƙo ciki. Sajan ya samo gindin wani tsohon aljihun tebur, ya ɗora a kan benci, ya ja zarto. Ya yi tsagi ɗaya mai zurfi, ya auna tsawon ɗan yatsa, zai yi na biyu.

"Tsaya, Oga. Wa zai hau, kai ko su?"

"Ba tsani ake so ba?"

"Da ƙafar mai hawa ake aunawa. Matso da su kusa-kusa, kada su kai faɗin ɗan yatsa. Kuma ba rami ba, ɗan tsagi kawai, iya inda farce zai maƙale. Ka fara daga can ƙasa sosai. Na farkon nan shi ne aikin. In ya yi wa ƙaramin nisa, duk na sama ado ne."

Sajan ya juya katakon, ya sake farawa. Zarto na tafiya, gari na zuba a kan takalminsa. Ya yi tsagi, ya matsa kaɗan, ya yi wani. Can wajen tsakiya sai hannunsa ya fara yin sanyi. Ya dubi layukan da ya jera. Ya dubi yatsun Kadangare da ke danne masa katakon.

"Kai da me ka yi naka?"

"Nawa me, Oga?"

"Tsagin."

Kadangare ya sosa ƙeya. Ya dubi Maman Yara kamar mai neman lauya.

"Faɗa masa, ɗan nan," ta ce. "Ko na samu ya daina tashina cikin dare da maganar nan."

"Da gindin cokali, Oga. A lungun bayan tankin ruwa. In na yi ɗaya sai in cike shi da sabulu, in shafa farar ƙasa. Gobe in taka shi in yi na samansa."

"Ƙarya kake. Lungun nan a gaban idona yake."

"A gaban idonka yake, Oga, amma da bargo a tsakani."

"Wane bargo?"

"Wanda kake sa mu shanya kullum a kan igiya. Ka ce ba ka son warin bargo a ɓangarenka. Wallahi mun ji daɗin tsaftarka."

Maman Yara ta kifa kai a kan keken ɗinki. Dariyar da take ta dannewa tun ɗazu ta ƙwace, har da hawaye, tana dukan teburin keken. "Bargo! Wayyo cikina! Aninin nan ashe bargo ne ya cinye shi!"

"Amma an bincika katangar nan," in ji Sajan, murya ƙasa-ƙasa.

"An bincika ta gaba da ta ɗakin girki. Kafin a zo kan lungun an sa mu sabon yaɓe. Ni na roƙa a ba ni wurin. Kai ka tsaya a kaina, Oga, ka ce ba ka taɓa ganin shafe mai kyau irin nawa ba."

Sajan ya tsaya riƙe da zarto. Da a da ne, da ya san abin da zai ce, da ma abin da zai rubuta. Sama da kansa uwar tsuntsayen ta sauka a bakin rami da tsutsa, ta yi kira. Ba a amsa mata da ƙarfi ba.

"Yarinyar fa?" ya ce.

"Wacce, Oga?"

"Wadda ka haura dominta."

"Tana nan lafiya. Aikin jinya take yi. 'Ya'yanta biyu."

"To," in ji Sajan. "Danne min nan da kyau." Ya ci gaba da yanka.

Da ya gama, ya hure garin, ya shafa katakon, ya ji kaushi ya cije shi a yatsa. Ba tare da ya sani ba hannunsa ya tafi neman takardar goge katako. Maman Yara ta riga shi. Ta ɗauke ta, ta sa a kan kujerarta, ta zauna a kai.

"In kana so, ɗaga ni."

Sai maganar inda za a ajiye tsuntsayen kafin a gama. Kwano santsi, kwali ya yi faɗi. Sajan ya shiga ɗaki, ya daɗe, ya fito da hularsa ta aiki, wadda ke cikin leda a saman kabad, wadda ko Auta ba ta isa ta taɓa ba. Kadangare ya miƙo su ɗaya bayan ɗaya. Sajan ya tsaya a gindin mangwaro rungume da hula, an rufa mata ƙyalle, yana jin ɗuminsu a tafin hannunsa. Iyayen na kan reshe suna zazzaga masa abin da ya san ba addu'a ba ce. Kafin a ce haka an ɗaure katakon, an ƙara ɓawo a ƙasa, an mai da su. Ya duba cikin hular, ya ga sun bar masa shaida.

Suka koma baranda su uku suka zuba ido. Maman Yara ta kawo wa baƙo ruwan sanyi. Uwar ta yi ta kewaya akwatin, ta ƙi sauka. Can dai ta maƙale a bakin ramin, ta yi kira.

Ƙar. Ƙar. Ƙar-ƙar-ƙar.

Sajan ya riƙe numfashi yana jiran tim. Tim bai zo ba. Wani kai ne ya ɓullo a ramin, gashi a hargitse, baki a wangame. Uwar ta cusa masa tsutsar. Ba a jima ba wani kan ya ture shi.

"Biyu," in ji Sajan.

"Na ukun sai ya huta, Oga. Ni ma ba rana ɗaya na yi ba."

Har rana ta faɗi ƙaramin bai fito ba. Da gari ya waye Sajan ya riga kowa fita tsakar gida, shayinsa ya huce a hannu. Manyan suka hau, suka ci, suka sauka. Sai aka ji wani hawan daban, a hankali, ƙar, sai a tsaya, ƙar, sai a tsaya. Ɗan ƙaramin kai ya leƙo, kamar mai tambaya ko nan ne wurin. Uban ne ya zo da abincin, har sau uku a jere.

Sajan ya kurɓi shayinsa mai sanyi, ya ce bai taɓa shan mai daɗinsa ba.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, babban cikinsu ya fito da kafaɗa, ya fito da ƙirji, ya yi tsalle. Sajan bai san lokacin da usur ya kai bakinsa ba. Firrr!

"A kamo shi ne, ranka ya daɗe?" in ji Maman Yara.

Ya cire usur ɗin daga wuya, ya miƙa mata, ta jefa a gwangwanin maɓallai. Na biyu ya bi ɗan'uwansa kafin azahar. Ƙaramin ya kwana shi kaɗai.

Washegari ya hau bakin ramin ya zauna. Iyayen na kira daga bishiyar maƙwabta. Ya fito da kafaɗa, ya mayar. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi dattijon da ke tsaye a tsakar gida hannu a baya, ya kafa masa ido ko ƙiftawa ba ya yi.

"Tafi mana," in ji Sajan a hankali. "Me kake jira?"

"Kai yake jira," in ji Maman Yara. "Wa zai iya gudu kana masa wannan kallon?"

Sai Sajan ya haɗa dugadugansa, ya juya, ya fuskanci bangon ɗakin girki. Ya tsaya nan yana nazarin wata tsaga a jikin siminti kamar an aiko shi duba ta. Keken ɗinki ya yi shiru. Bayansa ya ji wani ɗan fir, kamar an buɗe littafi an rufe.

"Juyo," ta ce.

Duk da haka sai da ya kafa tsani. Ya buɗe, ya leƙa, ya duba kowane lungu. Ya sauko, ya zo gaban keken ɗinki, ya ƙame.

"Lissafi?" in ji Maman Yara.

"Babu ko ɗaya."

"A lokacin aikin wa?"

"Nawa," in ji Sajan, yana ƙoƙarin haɗe fuska, fuskar ta ƙi haɗuwa.

'Yar ƙofar gefen, da lanƙwasasshiyar waya ya ɗaure ta. Kwaɗon kuwa ya jefa a aljihu. Da yamma Maman Yara ta je haɗa shayi, ta tarar da shi rataye a jikin gwangwanin sukari. Jikoki na zuwa hutu ƙarshen mako.